Wai da gaske Cubase ya fi FL Studio nauyin sauti?

Anas Tsafe: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Wani mai waƙar biki ya kawo mini aiki nan Gusau, waƙar amarya ce, biki saura kwana tara. Na buga kiɗa, na ɗauki muryarsa da ta 'yan amshi, na haɗa komai a FL Studio, manhajar haɗa waƙa a kwamfuta, na tura masa jiya da dare. Yau da sassafe ya kira ni wai waƙar ta yi shara-shara, ba ta da nauyi ko kaɗan. Wai wani abokinsa ya gaya masa duk aikin FL haka yake fita, in yana son sauti mai kauri sai ya kai inda ake aiki da manhajar Cubase. Yanzu cewa yake in zuba masa muryoyinsa a filashi ya tafi da su, maganar cikon kuɗina kuma ya yi shiru. Ni a kunnena waƙar lafiyarta ƙalau. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar nan su gaya mini gaskiya: in aka ɗauki aiki ɗaya aka fitar da shi a manhajoji biyu, sautin yana bambanta ko kuwa zance ne kawai?

Ɗan Gummi: Wa alaikumus salam. Ka fara karɓo cikon kuɗinka tukuna, ilimi ya biyo baya.

Oga Bala: Wa alaikumus salam Anas. Abokin nashi bai yi ƙarya ba. Ni da Cool Edit nif hwara wanga aiki, tun kahin Adobe su saye shi su mai da shi Audition, daga nan nik koma Cubase, kuma har yau ban ga abin da za ya tashe ni ba. Duk waƙar da anka kawo man, kahin a kai baiti na hwarko na san ko FL ta. Sautinshi na da kaihi sama, ƙasa kau babu gindi. Cubase Jamusawa sunka yi shi don situdiyo, kuma kamhwanin na hannun Yamaha, su ɗin dai masu piyanon da muka bugawa. FL kau ko sunanshi na hwarko FruityLoops na. Ka ji sunan kayan aiki nan?

Mubarak Kaura: Oga, da girmamawa, suna ba ya ƙara bes. Ni ina da FL, ina da Cubase, ina da Reaper, ita ma manhajar haɗa waƙa ce, duk a laftof ɗaya. Ban taɓa jin wani ya fi wani ba in dai abu ɗaya na zuba musu.

Oga Bala: Da wane kunne kaka saurare, Mubarak? Da iyafis ɗin dubu biyu?

Ɗan Gummi: An fara. Bari in gyara zama.

Malam Shehu Mafara: Salamu alaikum. Oga Bala, Allah ya ƙara girma. Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, don wannan tambayar kusan duk shekara sai ta dawo.

Da zarar murya ta wuce makirufo ta wuce sawunkad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ta shiga kwamfuta, ta daina zama murya, ta koma lambobi. A ma'aunin da aka yi wa faifan CD, ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ɓangaren hagu daban, na dama daban, kowane awo kuma a rubuta shi da lamba. Masu aikin bidiyo sun fi amfani da 48,000. To abin da muke kira haɗa waƙa, a wurin kwamfuta tarawa ce kawai. Lambar murya a wannan ƙiftawar, a tara da lambar ganga, a tara da ta piyano, a rubuta jimla, a wuce ta gaba. In ka ja abin ƙara murya sama ko ƙasa, ninkawa ka sa ta yi. Babu wani sirri bayan wannan.

Steinberg masu Cubase suna Hambog ta Jamus, Image-Line masu FL suna Beljiyam. Biyu a tara da uku biyar ne a Jamus, biyar ne a Beljiyam, biyar ne a kasuwar Mafara ranar Talata. In kalkuletar mai hatsi da ta mai POS suka ba da amsa daban a lissafi ɗaya, ba za mu ce ɗaya ta fi zaƙi ba, cewa za mu yi ɗaya ta lalace.

Maganar Yamaha kuwa gaskiya ce, tun 2005 Steinberg yana hannunsu. Amma sautin piyanonka ta kebul yake fita ya shiga sawunkad, a nan ake mayar da shi lambobi. Sawunkad ɗin bai san wace manhaja ke jiransa a ciki ba.

Oga Bala: Malam na ji karatu. To amsa man wagga. In duk lissahin guda na, don mi Cubase sunka koma 64 bit sunka yi ta shela? Banza sunka yi wahala?

Malam Shehu Mafara: Tambaya mai kyau, ranka ya daɗe. A Cubase 9.5 ne, shekarar 2017, suka kawo injin haɗawa na 64. Reaper ma da 64 yake lissafi, Ableton kuma, shi ma irinsu ne, da 64 yake tarawa a wurin da layuka suke haɗuwa. Amfaninsa shi ne rage ɗan kuskuren da ke taruwa a can wutsiyar lamba in an yi ta ninkawa da tarawa. Sai dai a duba girman kuskuren. Bit shi ne gurbi ɗaya a tsawon lambar da kwamfuta ke rubuta awo da ita, desibel kuma ma'aunin ƙarar sauti ne. Kowane bit ɗaya yana ba da kusan desibel 6. Fayil na 16 bit, tazarar da ke tsakanin mafi ƙarar sautinsa da mafi ƙanƙanta kusan desibel 96 ce. Na 24 bit kusan 144. Lissafin 32 bit mai yawon ɗigo, wato wanda ɗigon lambarsa ke matsawa gwargwadon girmanta, wanda manhajojin nan suka daɗe suna amfani da shi, kuskurensa yana can wajen inda 24 bit yake ƙarewa. Wato kana maganar abin da ya fi waƙarka ƙanƙanta da desibel ɗari da arba'in da wani abu. Fankar ɗakinka ta fi shi ƙara nesa ba kusa ba, balle janareton maƙwabta.

Amma kada in cuce ku, zancen yana da asali. A da, manyan na'urorin situdiyo na Pro Tools, tsohon tsarin da ake kira TDM, da lissafi mai tsayayyen ɗigo suke aiki, in ka cika su suna iya tsagewa tun a ciki. A wancan lokacin gardamar tana da ɗan gindin zama. Zamanin ya wuce, zancen ne bai wuce ba.

Rukayya Gusau: Sannunku da hira. Ni ba mai kiɗa ba ce, tallace-tallacen rediyo da karatun littattafai nake gyarawa, da Audition da Audacity. Amma me ya sa za a yi ta gardama da baki alhali akwai gwaji? Ai kun san dabarar da ake cire murya daga waƙa in kana da zallar kiɗanta. Ka jera biyun daidai, ka kifar da ɗaya, inda igiyar sautin take hawa ta koma sauka. Duk abin da yake iri ɗaya a cikinsu sai ya cinye juna, abin da ya bambanta ne kawai zai rage. To a fitar da aiki ɗaya a Cubase, a fitar a FL, a jera, a kifar da ɗaya. In an ji shiru magana ta ƙare. In an ji wani abu, shi ne bambancin, kowa ya saurara da kunnensa.

Oga Bala: Madalla Hajiya. Hakanga nika so. A gwada.

Mubarak Kaura: Na ɗauka. Anas turo mini layuka huɗu daga wata tsohuwar waƙarka, murya ɗaya, ganga, bes da piyano. WAV nake so, wato fayil ɗin da ba a matse ba, kuma ka turo su a matsayin dokumen, kar ka danna alamar makirufo ka kunna mini a sifika. Saƙon murya na WhatsApp matse shi ake yi da Opus, ba zai yi mana amfani ba.

Anas Tsafe: Suna tafiya Yaya. Netwok ne sai a hankali, kowane ya haura MB 30.

Ɗan Gummi: Ni dai a shagona ban taɓa ganin wanda ya zo da memori ya ce a tura masa waƙar Cubase ba. Cewa suke a sa musu wadda ake yayi.

Mubarak Kaura: To jama'a. Na zuba huɗun a FL, na zuba a Cubase, ban taɓa komai ba, na fitar, na jera su a Reaper na kifar da ɗaya. Gaskiya ba a yi shiru ba. Waƙar ce ma gaba ɗaya nake ji, ta ɗan rage ƙara kawai.

Oga Bala: Allahu akbar. Malam Shehu ina kake? Hajiya ina kike? Ku kunka kawo gwajin, ba ni ba. Biyu da uku ta zama shidda Beljiyam.

Ɗan Gummi: Oga ya ci ɗaya. A buga masa kalangu.

Malam Shehu Mafara: Ina nan ranka ya daɗe, sallar isha'i na je. Mubarak, kalmar da ta kayar da kai ita ce "ban taɓa komai ba". Kowace manhaja da saitin da take farkawa da shi. In ka ji waƙar gaba ɗaya a ragowar, to ƙarar biyun ce ba ɗaya ba. Wannan gwajin ba ya yafiya. Ko da kashi ɗaya cikin goma na desibel suka bambanta, ragowar za ta tsaya kusan desibel 39 kawai a ƙasan waƙar, kuma za ka ji ta sarai. Haka in ɗaya ya riga ɗaya da awo guda tak cikin 44,100 ɗin nan. Ka duba abu uku: maɓallin ƙarar kowane layi a FL, abin da ke kan masta, wato layin ƙarshe da duk sauran suke zubawa a ciki, da dokar raba sauti tsakanin hagu da dama.

Mubarak Kaura: An ɗauke wuta, batir saura kaɗan. Sai da safe in sha Allah.

Oga Bala: Awo. Wuta ta ceci wani.

Mubarak Kaura: Barkanmu da kwana. Na zauna tun bayan asuba, ga yadda ta kasance, kuma zan faɗa dalla-dalla don kowa ya iya maimaitawa a nasa ɗakin.

Da farko FL. Duk fayil ɗin da ka jefa masa, maɓallin ƙararsa ba ya kan ɗari bisa ɗari, yana tsayawa wajen 78, wato an rage kusan desibel 5 tun kafin ka ce uffan. Na mayar da huɗun ɗari. Sai na leƙa masta na tarar da Fruity Limiter zaune, don shafin da FL ya saba buɗewa da shi yana zuwa da limita a kai, wato abin da ke danne sauti don kar ya wuce iyaka. Da na ɗaga ƙarar layukan sai ya fara danne kan ganga. Na cire shi. Na tabbatar ba a ja tsawon kowane fayil ba, na sa aikin a 44,100 kamar yadda fayilolin suke.

Sai na koma kan Cubase da Reaper, a nan na ga abin da Malam yake faɗa. Ganga da piyano da bes, da yake sitiriyo Anas ya turo su, wato hagu daban dama daban, sun ɓace tas. Murya kaɗai ta rage tana waƙa ita ɗaya, da yake ita mono ce, wato layi ɗaya ba hagu ba dama. Dalili, Cubase yana rage abin da ke tsakiya da desibel 3 a saitin da na same shi, Reaper kuwa ba ya rage komai sai ka ce masa. Na daidaita su. FL ma yana da nasa zaɓin guda biyu a saitin aiki, mai da'ira da mai kusurwa uku, don haka na bar komai a tsakiya ban karkatar da ko ɗaya ba.

Na fitar da ukun a WAV 32, ba dita. Na jera, na kifar. Shiru. Na ƙure ƙarar hedfon har ina tsoron kar wani saƙo ya shigo ya fasa mini kunne, ba komai. Cubase da FL shiru, FL da Reaper shiru. Fayilolin suna nan, duk mai so in tura masa.

Rukayya Gusau: Alhamdu lillahi. Ka kyauta da ka faɗi na jiya da bai yi ba, wani da ɓoyewa zai yi.

Anas Tsafe: Malam ban gane dokar raba sautin nan ba. Me ya sa za a rage abin da ke tsakiya? Kuma mene ne dita?

Malam Shehu Mafara: Abin da ke tsakiya sifika biyu ne suke faɗarsa tare, wanda ka tura gefe kuwa sifika ɗaya ce. Baki biyu sun fi baki ɗaya ƙara. Don kada sauti ya kumbura in ya ratsa tsakiya, sai a rage shi kaɗan a nan. Nawa za a rage, nan ne kowa ya bi ra'ayinsa. Cubase yana ba ka zaɓi har da 4.5 da 6. Ableton kuma ya bar tsakiya yadda take, ya ƙara wa gefe desibel 3. Ka lura da irin waƙoƙinmu, muryar mai waƙa da ganga da bes duk a tsakiya suke zama. In ka kwashe aiki daga wata manhaja zuwa wata ba ka duba wannan ba, sai ka ji murya ta matso ko ta ja baya, ka rantse injin ne.

Dita kuwa ɗan shuuu ne mai rauni ƙwarai da ake barbaɗawa da gangan in za a sauko da aiki zuwa 16 bit, don wutsiyar sauti ta mutu a hankali maimakon ta kakkarye. Da yake barkatai ake ƙirƙirarsa, ko a manhaja ɗaya ka fitar da waƙa sau biyu da dita, ba za su cinye juna tas ba, za a bar ɗan huci can ƙasa wajen desibel 90. Shi ya sa Mubarak ya kashe shi.

Oga Bala: To na gani. Amma ku tsaya. Wanga da kunka yi ba waƙa ba ta. Wa ka haɗa waƙa babu ikyu mai gyaran kaihi da gindi, babu kwamfiresa mai daidaita ƙara, babu eko, babu Auto-Tune? Kun tuɓe ma doki sirdi da linzami kun ce duk dawaki guda na. Ni abin da kunnena ka ji shekara da shekaru ba mahwalki ba na.

Malam Shehu Mafara: A nan kam ina bayanka, Oga, kuma ba don kunya ba. Abin da gwajin ya nuna kaɗan ne: tarawar ɗaya ce. Sauran duk suna iya bambanta. Ikyu ɗin da ya zo da Cubase ba shi ne Parametric EQ 2 na FL ba, eko ɗinsu ba ɗaya ba, kwamfiresa ba ɗaya ba. In ka ja murya don ta dace da gudun kiɗa, kowace da dabarar da take bi. Ableton ma yakan kunna Warp, wato abinsa na jan sauti, da kansa a kan dogon fayil, in gudun aikin bai dace da na fayil ɗin ba sai ya taɓa sautin kai ba ka sani ba. In ka jefa fayil na 48,000 a aikin 44,100, dole a sake lissafa shi, kuma a nan manhajoji sun sha bamban da gaske. A FL kai ne ma kake zaɓar ingancin wannan lissafin a shafin fitarwa, tun daga mai maki 2 har zuwa mai maki 512, kuma yana shafar duk samfur ɗin da ka ɗaga ko ka sauke muryarsa. Akwai ma manhajar da aka gina da niyyar ta rina sauti, kamar Mixbus na kamfanin Harrison, su ba su ɓoye ba, abin da suke sayarwa ke nan.

Amma in fulogin ɗaya ne, wato ƙaramin kayan gyaran sauti da ake jona wa manhaja, a ce na Waves ko na Antares, ka sa shi a Cubase ka sa shi a FL da saiti ɗaya, lissafi ɗaya zai yi. Tsarin VST ɗin da FL yake karɓar fulogin da shi ma ai Steinberg ne suka ƙirƙiro shi a 1996. Sai fa irin waɗanda suke da yawo a cikinsu, kamar koros da wasu eko, waɗanda ko a gida ɗaya ba sa maimaita kansu.

Abin da nake zaton kunnenka yake kamawa, hannun masu FL ne. Yawancinsu yara ne da suka koya a YouTube, limita yana kan masta ba su san da shi ba, kowane layi ya yi ja don ƙara ta wuce iyaka, ga Soundgoodizer, fulogin ɗin FL mai kumbura sauti, an murɗa shi har ƙarshe. Masu Cubase a garuruwanmu kuwa galibi ku ne da kuka daɗe, kuna da ɗaki mai katifa a bango da makirufo mai kyau. In ka ce kana gane su kafin baiti na farko, ban musa ba.

Ɗan Gummi: Malam ka taɓo Soundgoodizer, ka taɓo rabin zauren nan. Ga su can sun yi tsit.

Mubarak Kaura: Har da ni a da, ba zan ɓoye ba. Sai a ƙara da cewa duk wanda ya fi ƙara ko da kaɗan ne, kunne cewa yake ya fi daɗi. In sauti ya yi ƙasa, bes ne yake fara ɓacewa a kunnen mutum, tun 1933 Fletcher da Munson suka auna wannan. To ka ga desibel 5 ɗin nan na FL kaɗai ya isa a ce wancan ya fi gindi.

Rukayya Gusau: Kun yi nisa kun bar mai matsala a baya. Anas ƙanena, wane irin fayil ka tura wa mutumin, kuma a me ya saurara?

Anas Tsafe: MP3 ne Anti, 128, don kar ya ci masa data. Ya ce a MP ɗinsa ya kunna, irin ƙaramin nan mai sifika ɗaya, da kuma wayarsa.

Rukayya Gusau: 128 ɗin ma da sake. WAV na CD kilobit 1,411 ne a daƙiƙa, ka ga abin da aka zubar kafin a kai 128, kuma yawanci saman sautin ake fara yankewa daga wajen kaɗawa 16,000 a daƙiƙa. Ka riƙa ba su 320. Amma wannan ba zai cinye nauyi ba, saman yake taɓawa. Turo mini waƙar in ji.

Anas Tsafe: Na tura ta akwatinki.

Rukayya Gusau: Na ji. A hedfon ta yi daɗi, har ta yi faɗi fiye da kima, kamar bes ɗin yana bayan kunnena. Da na mayar da ita mono sai bes ya tafi gaba ɗaya, 'yan amshi ma suka koma kamar daga cikin rijiya. Mu a aikin rediyo wannan ne abin da muke fara dubawa, don mai sauraro a ƙauye da ƙaramar rediyo mai sifika ɗaya yake ji. Me ka sa a kan bes ɗin?

Anas Tsafe: Stereo Enhancer na sa masa, fulogin ɗin faɗaɗa sauti, shi da 'yan amshi. Akwai wani ɗan maɓalli da na taɓa sai na ji sautin ya buɗe sosai, sai na bar shi haka.

Malam Shehu Mafara: To ka ga inda gizo yake saƙa. Wannan maɓallin kifar da ɓangare ɗaya yake yi. Hagu yana hawa, dama yana sauka. A hedfon kowane kunne da nasa, ba sa haɗuwa, sai ka ji faɗi. MP mai sifika ɗaya kuwa tara hagu da dama yake yi kafin ya faɗa. Gwajin da Mubarak ya yi, shi ka yi wa bes ɗinka da hannunka, ya cinye kansa. Mawaƙin nan gaskiya ya faɗa, waƙar da ta isa kunnensa ba ta da nauyi. Da ka ba shi muryoyin ya kai wani wuri an sake haɗawa ba tare da wannan ba, da ya dawo yana rantsuwa Cubase ne ya gyara, kuma ba mai iya musa masa.

Anas Tsafe: Innalillahi. Wallahi kwana biyu ina jin haushin bawan Allah nan.

Mubarak Kaura: Cire shi daga kan bes gaba ɗaya, bes a tsakiya yake zama. 'Yan amshi kuma in kana son faɗi, ka ɗauke su sau biyu ka tura ɗaya hagu ɗaya dama. Sannan a mikisan FL akwai ɗan maɓallin raba sitiriyo a layin masta, murɗa shi dama har ƙarshe ka ji waƙar a mono kafin ka fitar, in ka gama ka mayar da shi tsakiya. Kar ka manta ka mayar, na taɓa tura wa mutum aiki a haka.

Oga Bala: Kuma ka sayi ƙaramin MP ka aje situdiyo. Ni nawa na nan bisa tebur, duk aikin da bai yi daɗi cikinai ba, ba ya hita ɗakina. Wagga ba Bature ya koya man ita ba.

Rukayya Gusau: Wannan kam Oga ya fi mu gaskiya duka.

Oga Bala: Amma hwa kar ku ce na sallama. Gwajinku da kiɗan piyano kunka yi shi. Ina da kalangu da anka buga man da hannu nan ɗakina, da kotso. Mubarak ka zo da laftof ɗinka ran Juma'a bayan an sauko masallaci, mu zuba su, ka hitar ukun, in saurara da sifikuna na. In ban hidda Cubase cikinsu ba, shayi da tsire na kaina.

Mubarak Kaura: Na yarda, da sharaɗi biyu. Za a daidaita ƙararsu tukuna, kuma ba ni zan kunna ba, don kar ka karanta fuskata. Anti Rukayya ta sauya wa fayilolin suna ta riƙe takardar, a kunna sau goma a gauraye.

Oga Bala: Sau ashirin ma.

Rukayya Gusau: Ni ba zan samu zuwa ba, amma ku turo mini su ranar Alhamis in sauya sunayen in dawo muku da su. Takardar tana wurina sai kun gama.

Anas Tsafe: Na gyara, na cire limitan da ke masta na sake daidaita ƙarar, na fitar a 320 na tura masa. Yanzu ya kira, ina jin waƙar tana tashi a MP ɗin a bayansa. Ya ce yanzu ta zauna. Ya tambaye ni ko Cubase ɗin na samo, na ce masa a'a, bes ne na gyara. Kamar bai yarda ba.

Ɗan Gummi: Cikon kuɗin fa?

Anas Tsafe: Ya turo rabi. Wai sauran sai bayan biki.